Tururuwa tana tarawa, tsuntsu ba ya tarawa: wanne ne malamin baƙo?

Ɗan Zonkwa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya wadda na ga ta shafi kusan kowa a zauren nan. A Karin Magana 6:6-8 an aiki rago wurin tururuwa domin ya koyi hikima, ita da ba ta da shugaba ko mai duba aikinta, amma tana tanadin abincinta da kaka. Agur ma a sura ta 30 ita ya fara ambata cikin ƙananan halittu huɗu masu hikima, kafin rema da fara da ƙadangare. Sai kuma ga Ubangiji Yesu a Matiyu 6:26 yana cewa mu dubi tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba sa tarawa a rumbu, duk da haka Ubanmu na Sama yana ciyar da su. Dukanmu kwantiragi ne ya kawo mu Saudiyya, kuma ranar da aka ƙi sabunta shi, iƙama, wato takardar izinin zama, ta ƙare, sai haɗa kaya. A nan Riyad na san waɗanda ke ƙuntata wa kansu har abinci domin su tara, na kuma san waɗanda albashinsu ke ƙarewa kafin tsakiyar wata a hidimar dangi da baiko, suna cewa Allah zai tanada. Kowane ɓangare yana riƙe da ayarsa. A ganina tururuwa ce malamar baƙo, kuma yawancin masu fakewa da tsuntsu rashin tsari ne ke damunsu, ba yawan bangaskiya ba. Ina so in ji ta bakinku.

Maman Biyu:
Ɗan'uwa, na yarda da rabin maganarka, amma jimlarka ta ƙarshe ta yi tsauri. Akwai wanda bai tara ba domin mutum goma ne ke ci daga albashinsa, ga kuɗin makarantar ƙanne, ga maganin mahaifiya. Bulus ya faɗa a 1 Timoti 5:8 cewa wanda bai kula da danginsa ba, musamman iyalin gidansa, ya musunci bangaskiya. Irin wannan mutumin ba za a kira shi marar tsari ba.

Dattijon Jubail:
'Ya'yana, ayoyin biyu ba faɗa suke yi ba, domin ba mutum ɗaya suke yi wa magana ba. Karin Magana 6 da rago take, mutumin da ke cewa bari in ƙara ɗan barci, in ɗan naɗe hannu in huta, har talauci ya auka masa. Matiyu 6 kuwa da mai damuwa take, wanda tunanin gobe ya hana shi barci. Ku duba ayar da ta zo kafin ta da wadda ta biyo bayanta, za ku ga abin da Ubangiji ya hana shi ne damuwa, har ya tambaya ko akwai wanda damuwarsa za ta ƙara masa tsawon rai. Bai ce kada a yi noma ba. Likita ba ya rubuta wa mai hawan jini da mai ƙarancin jini magani ɗaya, kuma haɗarin shi ne kowa ya ɗauki maganin ɗan'uwansa: rago ya rungumi ayar tsuntsu, marowaci ya rungumi ayar tururuwa. Saboda haka tambayar da zan yi wa kowa ita ce, wace ce daga cikin ayoyin biyu ba ka son a karanta a gabanka? Mai yiwuwa ita ce taka.

Ɗan Zonkwa:
Baba, na gode, kuma bayanin ya shige ni. Sai dai har yanzu akwai sauran aiki, domin mutum ɗaya yana iya zama rago wajen tanadi kuma mai damuwa da dare. Shi wanne za a ba shi?

Bamaguje:
Ni a gona na tashi kafin tuƙi ya kawo ni Buraida, saboda haka bari in faɗi abin da manomi ya sani game da tsuntsu. Tsuntsu ba ya zama a sheƙa yana jiran abinci ya faɗo masa. Tun kafin gari ya waye ya fita, kuma duk wanda ya taɓa tsaron gero daga jan baki ya san ba rago ba ne. Abin da ba shi da shi kawai shi ne rumbu. A ƙauyenmu kuwa, magidancin da ya sayar da hatsinsa duka da kaka domin ya yi biki, shi ne za ka gani cikin watan Agusta yana neman rance ko yana ƙwadago a gonar wani, tasa gonar kuma ciyawa ta cinye ta. Ba wanda ya taɓa kiran wannan bangaskiya, ko a majami'a. Zaman da muke yi a ƙasar nan kakarmu ce, kuma da sanyin safiya ake kama fara.

Malamin Kimiyya:
Ina so in ƙara abu biyu game da tururuwar kanta, domin marubucin ya lura da ita sosai. A ƙasashen Gabas ta Tsakiya akwai jinsin tururuwa masu girbi waɗanda da gaske suke kwasar ƙwayoyin hatsi da na ciyawa su adana a ɗakuna ƙarƙashin ƙasa, kuma idan danshi ya taɓa ajiyar sukan fito da ita su shanya. Maganar rashin shugaba ma haka take. Wadda muke kira sarauniya ba ta ba da umarni, aikinta saka ƙwai ne, sauran kuma suna bin ƙamshin sinadarin da 'yan'uwansu suka bari a kan hanya. Abin da nake so Ɗan Zonkwa ya lura da shi shi ne, babu tururuwar da ke da rumbun kanta. Abin da ɗaya ta ɗauko na gida ne gaba ɗaya, har wadda ba ta fita ba tana ci. Idan har za mu ɗauke ta malama, to ba asusun mutum ɗaya kaɗai take koyarwa ba, kuma wannan ya fi kusa da abin da Maman Biyu ta faɗa.

Maman Biyu:
Malam ya taimake ni. Amma domin kada a ce na goyi bayan dangi ido rufe, a cikin surar Agur ɗin nan akwai wata halitta da ba a cika yin wa'azi a kanta ba. Aya ta 15 ta ce matsattsaku yana da 'ya'ya mata biyu, kuma kukansu ɗaya ne, a ba ni, a ba ni. Duk wanda ke aiki a waje ya san wannan kiran waya. Akwai mai buƙata ta gaskiya, akwai kuma wanda ya mai da kai albashinsa, ya daina neman na kansa. Raba su biyun shi ne abin da ya fi mini wuya, domin dukansu jinina ne.

Ɗan Garkida:
Bari in kawo lissafi cikin maganar, domin wani lokaci mukan yi ta ruhaniya mu manta da alƙaluma. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗi a kan kowane iyalin baƙo da ke zaune tare da shi, riyal 100 a wata, aka yi ta ƙarawa har ya kai riyal 400 a 2020. A shekarar 2020 ɗin kuma harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Iyalai da yawa a lokacin suka mai da mata da yara gida, kuma waɗanda ba su da ajiya su ne suka fi shan wuya. Wannan ya goyi bayan Ɗan Zonkwa. Amma ga ɗaya gefen. Wanda ya yi ta tura ajiyarsa gida yana barin ta a naira, ya ga abin da ya faru bayan watan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, alhali riyal yana nan a 3.75 kan kowace dala kamar yadda yake tun 1986. Mutum ya yi aikin tururuwa sosai, amma asu da tsatsa da Ubangiji ya ambata a Matiyu 6:19 suka shiga rumbun ba tare da ɓarawo ya fasa ƙofa ba. Shi ya sa ni ba na iya cewa tarawa kaɗai ita ce hikimar. Agur bai tsaya a kan tururuwa ba, ya wuce zuwa rema, kuma ina ganin da dalili.

Maman Biyu:
Ɗan Garkida ya kawo mu inda nake so. Mu da ke Abha muna ganin rema a duwatsun Asir, irin dai wanda na saba gani a duwatsun Filato ina yarinya. Da safe za ka same su kwance a kan dutse suna shan hantsi, ɗaya kuma yana can sama yana gadi. Da ya yi ƙara sau ɗaya, kafin ka ƙifta ido duk sun shige tsaga. Dabba ce da ba ta da ƙaho, ba ta da gudun kirki a fili, ko rami ba ta iya haƙawa kamar zomo ko gafiya. Gidan da take ciki ba ita ta gina ba, samunsa ta yi, kuma hikimarta duka ita ce ta san rauninta, ba ta yin nisa da bakin kogo. Zabura 104:18 ma ta ce duwatsu mafakar rema ne, kuma Dawuda a Zabura 18 ya kira Ubangiji dutsensa da kagararsa. A lokacin korona, da muke aiki a ɗakin masu jinya jirage kuma a tsaye, ina da kuɗi a asusu amma ba su iya kai ni wurin 'ya'yana ba, ba su kuma iya ba ni tabbacin zan kwana lafiya ba. Abin da ya riƙe ni a watannin nan addu'a ce da Zabura. Ban raina ajiya ba, amma tun lokacin na san iyakarta.

Malamin Kimiyya:
Abin da Mama ta gani daidai ne. Rema ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar sauran dabbobi masu shayarwa, shi ya sa yake buƙatar rana da safe da inuwar kogo da tsakar rana. Tafin ƙafarsa kuma laushi ne da shi da ɗan danshi, wanda ke sa ya manne wa dutse mai santsi. A fili gaggafa na iya ɗauke shi cikin sauƙi. Wani abin mamaki, masana sun nuna cewa cikin dabbobin da ke raye giwa na daga cikin danginsa mafi kusa, shi da nauyinsa bai wuce kilo huɗu ko biyar ba.

Sabuwar Zuwa:
Ina gaishe da iyaye da yayye. Ban daɗe da zuwa Tabuk ba, kuma abin da ya fi damuna ba kuɗi ba ne. A gida ina cikin ƙungiyar mawaƙa, mahaifiyata tana Zumuntar Mata, ba Lahadin da ke wuce mu. A nan Lahadi ranar aiki ce, hutu Juma'a da Asabar ne, babu majami'a, babu fasto. Shin ayar fara, wadda ba ta da sarki amma tana tafiya sahu sahu, ba mu take nufi ba?

Dattijon Jubail:
'Yata, sannu da zuwa, Ubangiji ya riƙe ki. Haka na daɗe ina karanta ayar. A gida mukan jingina da fasto da dattawan ikilisiya har mu manta cewa karatun Littafi da addu'a nawayarmu ce. A nan babu mai buga ƙararrawa, babu mai zuwa gida ya tambayi dalilin da ba a gan ki a sujada ba, saboda haka abin da ke cikin mutum shi ke fitowa. Alkawarin Matiyu 18:20 bai ce sai an kai ɗari ba, biyu ko uku ya ce. Sai dai zan gyara abu ɗaya: fara ce ba ta da sarki, mu muna da shi, ba ma dai ganinsa da ido.

Mai Kula da Zaure:
Tunatarwa ga kowa, musamman sababbi. Dokar ƙasar nan ba ta yarda da sujadar da ba ta Musulunci ba a bainar jama'a, kuma mu baƙi ne masu mutunta dokar masu masaukinmu. Kada kowa ya rubuta sunan wani, ko wurin aikinsa, ko unguwarsa a zauren nan. A ci gaba da tattaunawa.

Malamin Kimiyya:
Da izinin Baba, ina da ɗan ja game da fara, domin mu da ke Jizan mun gan ta da idonmu. Guguwar teku biyu, Mekunu a watan Mayun 2018 da Luban a Oktoban shekarar, sun zubar da ruwa a hamadar Rub'ul Khali inda ba kowa, fara ta hayayyafa a can ba mai gani, daga baya ta bazu zuwa Yaman da nan Saudiyya, ta haye har Habasha da Somaliya da Kenya a 2019 da 2020. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara wajen miliyan 40, kuma a yini guda yana cin abin da mutum 35,000 za su ci. Farar hamada idan tana ita kaɗai ba ta da wata illa, har gudun 'yan'uwanta take yi. Sai cunkoso ya sa suna gogar juna a ƙafafun baya, sannan launinta da halinta su canja ta zama ta garke. Masu bincike sun kuma gano cewa ɗaya daga cikin abin da ke tura ƙananan gaba shi ne, wadda ta tsaya na bayanta za su cinye ta. Ban faɗi haka don in rushe ayar ba. Agur tsarin tafiyarsu ya yaba, bai yabi abin da suke yi wa gona ba, kuma Yowel sura ta 2 ta kwatanta su da rundunar da ba mai ture ɗan'uwansa, amma rundunar hukunci ce. Taro marar shugaba yana iya zama albarka, yana kuma iya zama annoba, ya danganta da abin da ke tura shi.

Bamaguje:
Malam, a Buraida dai fara abinci ce, a buhu ake sayar da ita idan lokacinta ya yi, kamar yadda ake soya ta a Maiduguri, ko da yake hukuma takan yi gargaɗi saboda maganin feshi. Yahaya Mai Baftisma ma ita ya ci da zumar jeji. Abin da ya cinye gonar wani ya zama abincin wani, kuma ni wannan ma ina ganin ikon Allah a ciki.

Ɗan Garkida:
Gargaɗin Malam yana da muhimmanci, kuma ya shafi yadda muke karanta waɗannan ayoyi gaba ɗaya. Littafi ba ya cewa mu zama dabbar, hali ɗaya yake ɗauka ya nuna mana. Ubangiji ya ce mu yi wayo kamar macizai a Matiyu 10:16, bai ce mu yi sara ba. A Ayuba 39 kuma Allah da kansa ya ce bai ba jimina hikima ba, tana barin ƙwanta a ƙasa inda ƙafa za ta iya takawa, amma idan ta tashi gudu tana yi wa doki da mahayinsa dariya. Wato akwai halittar da aka ambata ba don mu kwaikwaye ta ba, sai don mu san cewa Mahalicci yana da hanyoyin da suka fi lissafinmu. Ina jin tsoron wa'azin da ke matse kowace gaɓa ta dabba sai ta fitar da darasi.

'Yar Biliri:
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ban ga wanda ya taɓa ƙadangare ba, alhali ni shi ne nawa. Aikin gida nake yi a Jidda. Gidan da nake ciki, ko a mafarki mahaifina bai taɓa shiga irinsa ba, kuma ni ce nake sanin inda komai yake, daga maganin tsohuwar gidan har makullin ɗakin ajiya. Duk da haka da hannu ɗaya za a iya kama ni a fitar, domin zamana a hannun kafili yake, wato mai ɗaukar nauyin izinin zamana. Aya ta 28 a surar Agur ta faɗi abu biyun tare, ana kama shi da hannu, kuma yana cikin fādar sarakuna, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Wadda nake tunawa kullum ita ce yarinyar nan da ke yi wa matar Na'aman hidima a 2 Sarakuna 5. Ba a ko faɗi sunanta ba, kamo ta aka yi daga ƙasarsu, amma ta so lafiyar maigidanta har ya warke. Ni ba na wa'azi a gidan mutane, kuma ba a kawo ni don haka ba. Abin da nake iyawa shi ne kada a taɓa samun hannuna cikin abin da ba nawa ba, kuma in riƙe tsohuwar nan kamar kakata. Game da tambayar farko kuwa, ku masu albashi mai kauri ne ke da zaɓi tsakanin tururuwa da tsuntsu. Abin da nake samu, idan na tura na makarantar yara, saura kaɗan ne, kuma adashen da muke yi mu 'yan mata shi ne rumbuna.

Maman Biyu:
Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka, ya kuma ba ki tagomashi a gidan. Adashen nan kada ki raina shi, shi ne ainihin abin da Malam ya bayyana game da gidan tururuwa.

Ɗan Zonkwa:
'Yar'uwa 'Yar Biliri ta faɗi abin da ya kamata mu masu ofis mu ji. Duk da haka ina nan a kan bakana game da waɗanda ke da hali. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan tana ba ma'aikacin kamfani kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Na ga waɗanda suka dogara da wannan kaɗai, suka koma gida bayan shekaru masu yawa, kuɗin ya ƙare a ginin da bai kai rufi ba. Yusufu a Farawa 41 kashi ɗaya cikin biyar ya ajiye a shekarun ƙoshi bakwai, kuma Allah ne ya ba shi wannan shawara. Irmiya 8:7 ta ce shamuwa ta san lokatanta, mutanen Allah ne ba su sani ba. Mu da muka san shamuwa ba ta kuskuren damina, bai kamata ranar komawa ta zo mana kamar ba mu san da ita ba.

Dattijon Jubail:
Ɗana, Yusufu ya tara, gaskiya ne, amma don ƙasa guda da maƙwabtanta ya tara, har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka ci. Mai arzikin Luka 12 shi ma ya tara, ya rushe rumbunansa ya gina manya, Allah kuma ya kira shi wawa a daren. Nan take bayan wannan misalin Ubangiji ya ce a dubi hankaki. Manna ma da aka ajiye ta kwana ta yi tsutsa, amma wadda aka ajiye saboda Asabar ba ta lalace ba. Agur ɗin da ya nuna mana tururuwa, a aya ta 8 da ta 9 roƙonsa shi ne kada a ba shi talauci ko dukiya, sai abincin da ya ishe shi, don kada ya ƙoshi ya ce wane ne Ubangiji, ko ya rasa ya yi sata. Ni da na kusa ajiye aiki, har yanzu ban iya faɗa muku adadin da ya isa ba, kuma ina shakkar duk wanda ya ce ya sani.

Ɗan Garkida:
Baba, a nan ne nake ɗan bambanta da ku. Ko ba a san adadin ba, ana iya sanin kaso. Bulus ya ce wa Korintiyawa kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Idan ana iya tsara bayarwa haka, ana iya tsara ajiya haka, kuma mai kuɗin sallama da mai adashe duk za su iya.

Sabuwar Zuwa:
To idan mahaifiya ta kira tana kuka a kan kuɗin asibitin ƙanena, kuma abin da ke hannuna shi ne kason da na ware na ajiya, in taɓa shi ko in bar shi? Wannan ne ke gabana a watan nan, kuma ina so in ji daga Mama da kuma Ɗan Zonkwa, tunda ba bakinsu ɗaya ba.